Mis Ozella, Ba Su Duba Aljihu Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na 2014, da hantsi, Allah ya karɓi ran Mis Ozella Pettibone a gidan 'yarta Lavonne, bayan jinyar mako uku. Shekararta saba'in da ɗaya a duniya. Arba'in da ɗaya daga ciki ta yi su ne a ƙasan ginin kotun gundumar Tallow, a laburaren shari'a, ɗakin da ba shi da taga ko ɗaya.

Mis Ozella, jaridar garinmu layi huɗu ta ba ki. Na ƙirga. Ranar Asabar kuma a coci, tsohon Alƙali Hoyt Crenshaw ya tashi da sandarsa ya ce ke baiwar Allah ce mai haƙuri, wadda ba ta taɓa barin ƙura ta hau littafi ba. Jama'a suka ce amin. Ni ban ce ba. Ƙura ni nake sharewa, shekara talatin da takwas, har bayan na yi ritaya ban daina ba, kuma ke ba ki da wani haƙuri, kowa a ginin nan ya sani. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan da hannuna. Wanda ya ga rubutun bai yi masa kyau ba, ya je ya yi nasa.

Ni ne Rudell Gaskins. Aji uku na yi a makaranta aka cire ni aka kai ni gonar auduga. A 1976 aka ɗauke ni shara a kotu, a makon farko kika tsayar da ni a matakala kika ce, “Mista Gaskins, ina neman mai ƙarfin tura amalanke.” Na waiga in ga da wa kike. Kafin ranar babu wanda ya taɓa sa Mista a gaban sunana a cikin ginin nan. Alƙalai Rudell suke cewa, wasunsu ma “kai” kawai.

Waɗanda suke ganin aikinki jera littattafai ne, bari in faɗa musu. Dokokin jiharmu suna cikin manyan jajayen littattafai guda sittin da biyu. Ba a sake buga su duk shekara, amma majalisa ba ta zama ta tashi ba ta taɓa doka ba: ta ƙara nan, ta rage can, ta kashe wata. To, a cikin bangon baya na kowane littafi akwai tsaga kamar ta riga. Duk watan Maris ko Afrilu sai a aiko da wani ɗan siririn littafi ɗauke da abin da ya canza, a zare na bara a zura na bana. Da tsagar da ɗan littafin, duk aljihu muke ce musu. Jeri biyar muke da shi: ɗaya a ƙasa wurinki, huɗu a ofisoshin alƙalai. Ɗari uku da goma ke nan. Ke kike buɗe kwalaye ki tantance, ni in loda a amalanke in hau da su. Ƙa'idarki ɗaya ce: ba na zare tsoho sai sabo yana hannuna, tsohon kuma in dawo miki da shi, ki rubuta lambar ofis da kwanan wata a kansa, ki ɗaure da zare ki ajiye.

Tambayarki kuma ɗaya ce ga kowa, alƙali ko lauya ko wanda ya shigo da takalmin gona: “Ka duba aljihu?” Na tuna wani sabon lauya da ya sauko da gudu ya kwafi sashe zai fita. Kika jefa masa tambayar. Bawan Allah ya tsaya yana laluben wandonsa, hagu da dama.

Kika ce, “Ba wannan ba, ɗana. Wannan tun daga ƙofa na san babu komai a ciki.”

Da lamba nake aikina da farko, domin ban iya karatu ba, in haɗa ta bayan littafi da ta kan aljihu. Wata rana muna cin burodin masara da soyayyar tarwaɗa a bayan kanta, kika ce, “Mutumin da yake tura dokar jiha a amalanke ya kamata ya san abin da ya ɗauko.” Na ce na tsufa. Kika ce tsufa ba ya cikin abin da kika tambaya. Shekara biyu muka yi, rabin awa kullum da rana. Kalmar farko da na karanta ni kaɗai, ba tare da yatsanki a ƙarƙashinta ba, ita ce wadda ta fi yawa a cikin aljihu: “An soke.”

Ba na ce mun zauna lafiya kullum ba. A 1995 kin yi mako biyu ba kya min magana saboda ina lasar yatsa in buɗe shafi. Har yau ina ganin ni ke da gaskiya, takardar nan siririya ce, ba ta buɗuwa da busasshen hannu. Amma na daina.

Yanzu zan faɗi abin da Alƙali Crenshaw bai faɗa a coci ba.

A watan Mayu na 1987 aka kawo masa wani mutum, Purvis Tolliver, karo na uku ke nan da aka kama shi da satar batirin mota. Alƙali ya ɗauko littafi na sha tara daga bayansa, ya karanta cewa karo na uku shekara goma ce ba ragi, ya buga guduma. Lauyan da kotu ta ba Purvis shi ma bai duba aljihu ba. Da rana magatakarda ya sauko shan kofi ya ba ki labari. Ba ki ko ajiye kofinki a kan faranti ba. Kika ɗauki na sha tara namu, kika ce in biyo ki, muka hau bene uku.

Alƙali yana cin abinci. Kika ce, “Ranka ya daɗe, ka duba aljihu?”

Ya ce, “Ozella, shekara ashirin ina kan kujerar nan. Ba daga ƙarƙashin ƙasa za a zo a koya min doka ba.”

Kika buɗe bangon baya kika ajiye masa a kan abincinsa. Majalisa ta soke sashen tun farkon shekara. Ya jawo nasa littafin ya juya. Tsagar wayam.

Nan ya ga hanyar fita, hanyar kuwa ni ce. Ya nuna ni da cokali ya ce, “Ga abin da ake samu idan aka ba jahili littafi. Bai sa ba! Kai, yau za ka bar ginin nan.”

Ina da 'ya'ya huɗu a lokacin. Ke kuwa kika ce min kada in motsa, kika sauka bene ukun nan kika dawo kina haki, da ɗaurin tsofaffin aljihu a hannu. Kika zaro ɗaya: ofis na uku, littafi na sha tara, shida ga Afrilu, da rubutunki.

Kika ce, “Ga tsohon naka, ranka ya daɗe. Mista Gaskins ba ya zare tsoho sai sabo yana hannunsa. Ni na koya masa.”

Ya ce, “To ina sabon? Ƙafa ya yi?”

Ni mai shara ne, ƙasa nake kallo ko da ana min faɗa. Idona ya kai ƙarƙashin teburinsa. Na ce, “Ƙafa ce ta taka shi, ranka ya daɗe.”

Teburin yana rawa ne, shi kuma ya laluba ya samu wata takarda mai laushi ya ninka huɗu ya tokare shi. Na ɗaga teburin, kika zaro. A kan ninkin, da tabon ƙafar tebur a gefe, ga kalmata: “An soke.” Na karanta ta da ƙarfi. Ba wanda ya ce in karanta.

Abin da alƙali ya ce shi ne, “A kira kafinta.” Shi ke nan. Washegari aka dawo da Purvis aka mai da hukuncinsa wata goma sha takwas. Ni kuwa shekara ashirin da bakwai ke nan ina jiran “yi haƙuri” guda ɗaya, ban ji ba, kuma ban yafe ba tukuna. Fasto ya yi min magana sau uku a kan haka. Purvis ya zo jana'izarki, Mis Ozella. Yana layin baya da jikokinsa biyu, ya riƙe hula a ƙirji. Ba a ba shi magana ba. Wanda ya tokare tebur aka ba.

Da abin ya tsaya nan da na haɗiye. Amma an rufe ki ranar Asabar, ranar Litinin na sauko na tarar da takarda manne a ƙofarki. Mista Dabney, mai gudanar da harkokin gunduma, ya rubuta cewa za a rufe laburare ranar talatin da ɗaya ga wata, a kai littattafan ƙasa masana'antar takarda a niƙe. Na ofisoshin alƙalai za a bar su, wai suna ƙara wa ofis kwarjini. Ko furannin kabarinki ba su bushe ba. Jiran ki yake ki tafi, domin kina raye bai isa ya manna ko tallan coci a ƙofar nan ba.

Kwalayen aljihun bana kuwa sun iso tun ranar Juma'a, kwana uku bayan rasuwarki, da sunanki a kai. Ina tsaye a kansu ya sauko.

Ya ce, “Kawu Rudell, kai da ka yi ritaya shekara tara, me kake yi da makulli?”

Na ce, “Ni ba kawunka ba ne. Mista Gaskins ake ce min a ɗakin nan.”

Ya yi dariya ya ce, “To, Mista Gaskins, a mai da kwalayen. Komai yana cikin kwamfuta yanzu.”

Na ce, “Na sani. Rabin lauyoyin garin nan Mis Ozella ce ta koya musu danna ta. Bara da guguwa ta kashe ta kwana biyu, me alƙalai suka ɗauko?”

Ya ce wannan sau ɗaya ne. Na ce Purvis Tolliver ma sau ɗaya ne. Ya ce waye Purvis Tolliver. Ka ji mai rufe laburare.

Littafin da aka bari a bayan alƙali ba a sake masa aljihu ba, ƙarya yake yi, kuma da jar riga mai kyau yake yin ta. Wata rana wani zai juya ya ɗauko, wani kuma zai tafi gidan yari a kan dokar da ta mutu. Su kuma mutanenmu marasa lauya, masu saukowa da takardar sammaci a ninke, ina za su? Kwamfuta ba ta ja wa mutum kujera, ba ta tambayarsa ko ya duba aljihu.

Don haka ban mai da komai ba. Talata, Laraba da Alhamis na tura amalanke, da gwiwar nan tawa da kika sani. Ɗari uku da goma, ban tsallake ko ɗaya ba. Ban zare tsoho ba sai sabo yana hannuna. Na rubuta lambar ofis da kwanan wata, na ɗaure da zarenki. Rubutuna bai kai naki ba, amma ana karantawa. Sabuwar alƙaliyar ofis na biyu ta tambaye ni wa ya aiko ni. Na ce Mis Ozella. Ta dube ni, ta tashi ta riƙe min ƙofa.

Ranar Alhamis, ashirin da bakwai ga wata, kwamishinonin gunduma za su zauna a kan maganar rufewa. Minti uku suke ba kowa. Na sa sunana, Purvis ma ya sa nasa. Watakila su rufe ɗin, su biyar ne da guduma, ni ɗaya ne da amalanke. Amma sai sun rufe a gabana, suna kallon fuskata. Mista Dabney ya aiko sau biyu yana neman makulli, wai ya duba ƙugiya ya duba durowa bai gani ba. Shi ma bai duba aljihu ba.

Layi huɗun da jarida ta ba ki, da abin da aka faɗa a coci, su ne tsohon littafi. Wannan da na rubuta shi ne aljihun. Duk wanda ya karanta wancan ya tsaya nan, ya yanke miki hukunci da dokar da aka soke.

Lavonne, Allah ya ba ki haƙuri, ke da maigidanki da yaran. 'Yar'uwa Earline, ƙanwar Mis Ozella, Allah ya sanyaya miki zuciya. Kun yi rashin uwa da yaya, gundumar nan kuma ta yi rashin da ba ta san ta yi ba tukuna.

Ubangiji ya ji ƙanki, Mis Ozella, ya gafarta miki kaifin harshenki, ya ba ki ɗaki mai taga. Ba na jin tsoro a kanki ranar da za a buɗe littafinki a gaban Babban Alƙali. Shi ba sai an hau bene uku an tuna masa ba. Yana duba aljihu.

Amin.

Rudell Gaskins
Gundumar Tallow