Gidan da ke Kada Mutane

A garin Tsibiri, in an gama tuwon dare, kakarmu Iya Dije ba ta barin wutar murhu ta mutu sai ta yi mana tatsuniya. Amma ban taɓa ganin ta yi ta a natse ba. Murhun a ƙasa yake, a tsakar gida, ƙanana na rarrafe kusa da shi. Tana cikin magana sai ta zabura ta fizge wani, ta tura itace da ƙafa, ta dawo tana haki.

"Ina muka tsaya, maigida?" Ni take wa wannan tsokanar.

Wadda ta zauna mini a rai ita ce ta wani attajiri da ya yi wa ɗakinsa dokin ƙofa mai tsawo, har gwiwa, don a san ya fi maƙwabta. Baƙo ya yi tuntuɓe ya fasa baki. Uwar attajirin ta gurɗe ƙafa. Ya ce maita ce, ya sa aka kori wata tsohuwa mai tallar daddawa. Rannan matarsa ta fito da tukunyar kunu, ƙafarta ta sarƙe, kunun ya kwarare a bayan ɗansu. Sai ya ce aljanu ne a wurin. Ya tashi ya koma wani gari, ya sake gini, da dokin ƙofa irin na da.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Suna can suna ta faɗuwa. Ku tashi ku kwanta."

Haushi ya sa na yi ta juyi bisa tabarma. Ina aka taɓa tatsuniya ba ƙarshe?

Bara yayana ya gama gidansa a Maraɗi, ya ɗauko mahaifiyarmu. Daɓen karo, wato tayil, mai sheƙi tun daga zaure har makewayi, matakala ba abin dafawa. Ba ta daɗe ba ta zame wajen alwala, ƙugunta ya karye. Masu dubiya kowa na cewa tsautsayi ne. Na roƙi yaya a canza karon makewayin, a kafa ƙarfen riƙewa.

"Kai dai ka yi mata addu'a, Sani," in ji shi. "Yanzu so kake in ɓata ginin?"

Sai a ranar na gane Iya ba rowar ƙarshe ta yi mana ba.

Addu'a ina yi. Amma in na taso daga gona a Jiratawa, ba na iya wucewa gida sai na biya gidan yaya, in tsane ruwan ƙasan makewayin, in shimfiɗa tsoffin buhuna. Da safe a naɗe su, wai suna muzanta gidan. Matar yaya tsohon ciki gare ta, kuma nan take bi kullum.