Wanda Yake Naɗa Mini Zare

An daɗe ana raɗe-raɗi a mashigar jiragen ruwa ta garin Zwolle cewa zaren da ke kan sandar fatsata ba ni nake naɗa shi ba. A bakin mai sayar da man jirgi na fara ji, na yi dariya. Masunta ne. Mutumin da zai rantse maka kifin da ya kuɓuce masa ya kai ɗan maraƙi, me zai hana shi ƙago wannan?

To, wanda ake cewa shi ke naɗawar, Leander Procell, ya rasu ranar Talata, huɗu ga watan Maris, a gidansa na bakin tafkin Toledo Bend, bayan jinyar da bai taɓa yarda a kira ta jinya ba. Ya tafi daidai lokacin da kifin bas ke haurowa gefe.

Leander, tun muna samari jirginmu ɗaya. Kai ka koya wa rabin garin nan jefa ɗan kifin katako mai harshen roba, wanda in ana murzo shi yake nutsewa yana karkaɗa, yana karo da kututturan da ruwa ya binne. Kullum cewa kake ba katakon ke kamu ba, zaren ne. Siriri mai haske kamar ruwa, mai ɗaukar laba goma, shi ke kai katako can ƙasa. Mai kauri sama yake riƙe shi, sai cikin ciyawa. Kitsattsen zaren nan kuwa da ba ya miƙewa, ko a jirginka ba ka son gani.

"Hollis, leɓen bas kamar jiƙaƙƙiyar takarda yake," ka kan ce mini. "Ka fizge shi da zare mai tauri kamar waya, ƙugiya ta yaga baki, sannan ka zauna kana zagin kifi."

Ni kuma in ce ai zarena shekara da shekaru ban sauya ba, bai taɓa tsinkewa ba. Sai ka dube ni ka ce, "Tsoho, Allah ne ke sonka, ba iyawa ba ce."

Shekarar da guguwa ta yanke wuta, kai ka kwashe duk kifin da ke firjinka ka soye a ƙofar gida, unguwa ta ci, har da maƙwabcin da ba kwa ga maciji. Ba ka taɓa tayar da maganar ba. Haka kake yin alheri, kamar mai aikata laifi.

Yanzu ga abin da ya tsaya mini a rai. Idona ya daɗe yana dishi-dishi. Siririn zaren nan ba na ganinsa, balle inda kututture ya kankare shi. 'Yata Dorinda ta sha faɗa mini cewa ranar da na kasa kula da kayana, za a sayar da jirgi in koma wurinta a Shreveport, hawa na uku, inda ruwa sai na famfo. Amsata ɗaya ce kullum: dubi zarena, ya taɓa tsinkewa?

Asabar mai zuwa ƙungiyarmu ta masunta za ta fita ruwa don tunawa da kai, kowa da kifin katako. Dorinda ce za ta zauna a kujerarka. Jiya na shiga gareji na ja zaren tsakanin yatsuna. Sumul yake, sabo fil. Ban san mai laba nawa ba ne. Ban san ko ya dace da sanyin ruwan bana ba. In ya maƙale a kututture ya tsinke tana kallo, hannuna zai lalubi idon katakon da ake ɗaura zare ya rasa, shi ke nan, ni da tafki sai daga nesa. Ka tafi ka bar ni da alfaharin da ba nawa ba.

Ubangiji ya jiƙanka, Leander, ya yafe kurakuranka, ya ba ka hutawa a wuri mai sanyi. Verna, uwargidansa, Allah ya ba ki haƙurin zama a gidan da ya yi shiru, ke da 'ya'ya da jikoki. Mu da muka rage, ya sa mu cika da kyau.

Yau, bayan jana'iza, ana rabon abinci a zauren coci, aka sake faɗa mini tsohuwar maganar nan.

"Baba, duk ranar da na kai ka asibitin ido, wa kake tsammani ke bar wa Kawu Leander mabuɗin gareji?" Dorinda ta ciro ƙullin zare daga jakarta. "Ya ce in ruwa da sanyi, mai laba goma. Ya koya mini ɗaurin har sai da yatsuna suka yi ja. Maganar jirgi kuwa, sai na ga Asabar."

Na ji a bakin mai sayar da mai, na ji a bakin abokan jirgi, ban yarda ba. Wadda ta faɗa mini a ƙarshe 'yata ce, Dorinda, ita kuwa ba ta taɓa kama kifi ba, balle ta koyi ƙarya.