Cajin da Ya Kawo Sunan Ƙanwata

Wata Alhamis a damina, shekarar da na shiga aji huɗu, ina gudu a gefen Titin Koudoukou, wayar gidanmu naɗe a leda cikin aljihuna, yayata Zulai tana haki a bayana. Washegari ake sunan ƙanwarmu. An ɗaure rago a gindin mangwaro, mata suna ta daka, amma babu wanda ya san sunan da za a raɗa. Baba ya tafi sarin kaya Kamaru, ruwa ya tsare motarsu, ya aiko cewa zai kira bayan la'asar ya faɗa. A gidanmu uba kaɗai ke zaɓen suna. Wuta kuwa tun jiya aka ɗauke, wayar ta mutu.

Malam Sabo ne ya tura mu, wani ɗan Kano mai sayar da atamfa da ke haya a gidanmu. A bakinsa na fara jin kalmar caji, wadda ya ce ta Ingilishi ce, kuma ba inda ba ya sa ta. In ya sha shayi, ya yi caji. In an kama ɓarawo, caji ofis aka kai shi. In an lalube masa jaka a shingen hanya, an caje shi ke nan. Mu da muka taso da Sango, yaren garinmu, da Faransancin makaranta, kwaikwayonsa muke yi muna dariya. Ranar dai bai yi wasa ba. "Ku ruga a yi mata caji," in ji shi, "kada ragon nan ya ci dusa a banza!"

Duk shagunan masu caji da janareto na unguwar Kilomita Biyar sun cika, wayoyi jere kamar kifi a faranti. Muka zarce unguwar Miskine wajen Papa Firmin, wani Kirista mai gyaran rediyo. Da Zulai ta yi masa bayani da Sango, ya cire tasa wayar ya jona tamu, ya ba mu gyaɗa muna ci muna leƙen fuskar wayar.

A hanyar komawa wayar ta yi ƙara. Na yi tsalle, na danna, na ji muryar Baba. "Baba, faɗa mini, ba zan gaya wa kowa ba!" Ya yi dariya ya ce, "Suna ba a bakin yara yake fara sauka ba. Ka kai wa Kawunka." Muka kwasa a guje, waya a sama, muna kauce wa mashina da kwatami, Zulai tana ihun a ba mu hanya. Kawu ya karɓa, ya saurara, ya yi murmushi, ya ƙi faɗa mana sunan. Sai da safe, bayan addu'a, muka ji: Safiyatu.

Yanzu yarana ba su san jiran kira ba, sunan jariri yakan zagaya wayoyi kafin a yanka rago. Hanyar Miskine ma ta daɗe ba ta ga irin wannan gudu ba. Ban sake ɗaukar saƙo mai daɗin wancan ba.