Tagar Adda Hajo

Ina cikin shanyar wanki da safen nan aka kira ni daga Bahindi, wai Adda Hajo ta rasu. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Har yanzu bokitin yana tsakar gida inda na bar shi.

Ita ta koya wa matanmu na Bagudo zubin rezin, ruwan robar nan mai daskarewa, mu yi carbi da awarwaro. Garin maika da muke rina shi da shi, wanda muke ce wa garin ƙyalli, ita take sayo mana daga hayin boda, ɓangaren Benin.

Awarwarona na farko duk kumfa ya fito. Ba ta yi dariya ba. Ta zura shi a hannu, ta je suna da shi.

Malama take ce mini, don sai na yi bisimilla kan kowace kwalba.

Dokarta ɗaya ce: a rufe taga. "Iska ɓarauniya ta, Malama. Ta kwashe miki gari, ta bar miki ƙura." Haka muka koya. Har tsumma muke cusawa a ƙarƙashin ƙofa.

Sati uku ke nan na je wurinta. Tana dama koren gari, ɗaki a rufe. Rana ta shigo ta wata 'yar huda a kwanon rufi, sai na ga iskar da muke shaƙa tana walƙiya. Tari ya sarƙe ta, ya daɗe bai sake ta ba. Da ta ɗauke hankici daga bakinta, akwai ƙyalli a jiki.

"Mi kika gani?"

"Ba komai, Adda."

Ta yi murmushi. "Ran da nim mutu, ko makarata sai ta yi ƙyalli."

Na ce mata ta bar wannan magana. Ban ce ta buɗe taga ba. Na ji tsoron faɗin abin da ba ni da iliminsa, wataƙila ma daga yatsunta ƙyallin ya shafa. Amma na gani, kuma na ce ba komai. Allah Ya yafe mini.

Ban ce garin ƙyallin ne ya kashe ta ba. Ni ba likita ba ce, ajali kuwa na Allah ne. Sai dai 'yan guruf ɗinmu na waya, masu zubin rezin, ku koma ku saurari saƙonnin muryarmu na watan nan. Ku ji masu tsayawa su yi tari a tsakiyar magana.

Har da ni.

Ɗazu na cire tsumman, na buɗe tagata. Iska ta ɗebi rabin garin shuɗi, na tsaya ina kallo. Ku buɗe naku don Allah, ku ɗaura takunkumi. Mai tari ta je asibiti, ni gobe zan je.

Allah Ya jiƙan Adda Hajo, Ya yalwata kabarinta, Ya buɗe mata ƙofa zuwa Aljanna, iskarta ta riƙa shigo mata. Duk wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a. Mu ma da muka koya a hannunta, kada ku manta da mu.