Hannun Daman Baffa

Jiya wata ɗaliba mai bincike kan shanyewar ɓarin jiki ta zo gidanmu a Roni. Ta tambaye ni me marigayi Baffa, yayan mahaifina, ya fi so gashin ƙashi na asibiti ya dawo masa da shi.

Ba tafiya ba ce. Musabaha ce.

Tun da hannunsa na dama ya shanye ya daina zama a ƙofar gida, wai ba zai miƙa wa mutane hagu ba. Likitan gashin ƙashi a Kazaure ya ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baffa ya cusa shi ƙarƙashin gado.

"Ni yaro ne? Kawo hannunka, ɗana."

Kullum da safe sai in durƙusa in sa tafina cikin nasa. Hannun sanyi ƙalau, yana warin man zafi. Yakan cije leɓe har gumi ya tsattsafo masa a goshi.

Wata safiya na ji babban yatsansa ya ɗan danna nawa.

"Ka ji?"

"Na ji, Baffa."

"To, ran Juma'a a shimfiɗa min tabarma a waje."

An shimfiɗa tabarmar ran Juma'ar, amma masu ta'aziyya ne suka zauna. Kowa ya zo da hannu a miƙe, ni nake karɓa.

Ya Allah ka gafarta masa, ka miƙa masa littafinsa a hannun nan na dama, ka ba shi ƙarfin riƙewa.