Toka a Makon Murabus

Mu Katolika a Madarunfa ba mu da yawa. In aka haɗa mu duka har da jarirai, mota ɗaya mai zuwa Ɗan Issa za ta kwashe mu, direba kuma ya tsaya neman ciko. Cocinmu ɗaki ne guda mai rufin kwano a bayan gidanmu, maza na zama a dama, mata a hagu. Fada, wato limaminmu, daga Maraɗi yake zuwa lokaci lokaci, in babur ɗinsa ya yarda. Sauran Lahadi duka mahaifina ne ke tsayawa a gaba. Shi ke karatu, shi ke jan addu'a, shi ke tsawata wa mai gyangyaɗi. Tun kafin a haife ni yake wannan aiki.

A shekarar da nake ba da labari, idanun Baba sun riga sun tafi, saura ɗan hayaƙi hayaƙi. Kowa ya sani, ba wanda ya faɗa. Karatun Lahadi da ka yake yi, littafin na buɗe a gabansa don ladabi kawai. Fada ya ja ni gefe ya ce tun da ni ce babbar 'ya, kuma malamar lakkol, in lallashi Baba ya bar aikin ga wani ma'aikacin jinya da ke cikinmu, mutum mai natsuwa da murya. Na ce to. Aji cike da yara da ido kawai nake tsayar da shi, amma duk lokacin da na zauna gaban Baba da wannan magana, sai in tambaye shi ko ya sha fura.

Ana gab da shiga azuminmu rediyo ta ce Paparoma zai yi murabus. Baba ya kashe ta kamar ta zage shi.

Washegari maƙwabcinmu, wani Alhaji mai sayar da kifin tafki, ya yi sallama da tabarma a hammata, fuskarsa a ɗaure.

"Malam, ashe babbanku ya rasu? Allah ba ku haƙuri."

"Bai rasu ba," in ji Baba.

"Soja suka kau da shi?"

"A'a."

"To, mi ya same shi?"

"Wai ya gaji."

Alhaji ya dubi tabarmarsa. Tun da ya riga ya ɗauko ta, sai ya shimfiɗa ya zauna, ya yi gaisuwar yadda ya shirya ta daga gida. Baba ya karɓa, don a wurinsa abin ya fi mutuwa.

Da la'asar ya buɗe shari'a a tsakar gida. Ya ce Paparoma uba ne, kuma shi bai taɓa jin uban da ya tara 'ya'yansa ya ce daga yau ya sauka ba. Ya ce wanda ya gabace shi har maganarsa ta daina fita, ana turo shi a kujera, bai ce ya gaji ba, ya riƙe abin da aka ɗora masa har Mai shi ya karɓa. Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Mutum ya ce ba ya iyawa, ai gaskiya ya faɗi. Faɗin gaskiya ma aikin Allah ne."

"Ke mi kika sani game da Roma?"

"Abin da ka sani. Rediyonmu ɗaya."

Ni dai farko daɗi na ji, ina ganin Paparoma da kansa ya isar mini da saƙon da na kasa. Da na ga Baba ya ƙara kafewa sai haushi ya kama ni, na ji haushin Baba, na ji na Paparoma da ya ɓata mini hanya.

Ranar Laraba da azumi ke farawa, al'adarmu a ƙona ganyen kabar da aka yi wa albarka bara, a shafa wa kowa tokar a goshi, a tuna masa cewa ƙasa zai koma. Fada bai samu zuwa ba, Baba ya tsaya da ɗan kwano a hannu, muka yi layi. Mu manya muna da dabararmu. Kana isa gabansa sai ka lura da babban yatsansa, ka kai masa goshinka. Wani ya duƙa, wani ya karkace, wani ya yi ɗage. Duk da haka wani ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya samu tasa a karan hanci, wata tsohuwa a ɗankwali, suka koma wurin zamansu da tawali'u.

'Yata a lokacin ƙarama ce, wannan ne layinta na farko. Na koya mata ta tsaya cak ta harɗe hannu, na manta ban koya mata dabarar ba. Ta tsaya cak. Yatsan kakanta ya sauka cikin idonta.

Ihun da ta yi sai da kwanon rufi ya amsa. Na suro ta waje na wanke mata ido a bakin randa. Ba ta ji ciwo mai yawa ba, ido ya yi ja ne kawai. Baba ya ƙarasa layin, ya rufe addu'a, bai tsallake ko kalma ba.

A gida ya zauna, tokar na nan a yatsansa. Can ya kira Inna.

"Goshin mutane ke zuwa ya taras da hannuna. Na ji shi yau. Tun yaushe kuke yi mini haka?"

"Tun bara waccan," in ji ta.

"Har ke?"

"Ni na koya musu."

Baba ya sa aka kawo masa jikarsa, ya shafa kanta a hankali, nesa da ido.

Bai taɓa cewa Paparoma ya yi daidai ba, har ya bar duniya. Amma ranar Lahadi, bayan mun taru, ya tsaya a gaba kamar kullum, ya kira ma'aikacin jinyar nan ya miƙa masa littafin da hannu biyu. Ya ce masa ya riƙa ɗaga murya saboda tsofaffin baya, kuma kada ya ji nauyin masu gyangyaɗi. Iyakar jawabin ke nan.

Sai ya juyo ya taka zuwa tsakiyar ɗaki ya tsaya. Kowa na zaune a wurin da ya saba zama shekara da shekaru, kuma ba wanda ya yi tunanin matsawa, don a cikinmu ba wanda ya taɓa ganin Baba a zaune cikin coci. Na tashi na kama masa hannu. Ya sunkuyo kusa da kunnena, ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Ɗiyata, wane gefe ne namu?"