Sanduna Biyu a Kan Shimfiɗaɗɗiyar Ƙasa

Wani abokin aikina da muke zaune gida ɗaya a unguwar Al Nahda, can ƙasar Larabawa, ne ya matsa mini in bi shi da abokansa yawon ƙafa wata Asabar. Wai za mu fita bayan gari, mu biya ta wani tsohon coci, mu ƙare a lambu.

Na isa na tarar da ƙarti sun sha takalma kamar masu zuwa yaƙi, kowa riƙe da sanduna biyu. Ni ma aka miƙo mini nawa. Ƙasar kuwa shimfiɗe take kamar faifai, ko tudun tururuwa babu. Ba mu yi nisa ba suka fara haki, ana ta "yalla, yalla", wato "mu je, mu je" da Larabci, ana ɗaukar hoto.

Cocin da ake ta zuzuta tsufansa, babana ya girme shi. Lambun kuma, kowane fure da siririn tiyo a gindinsa, kamar majinyacin da ake wa ƙarin ruwa.

Na tuna yadda mamata ke ratsa gonakin dawa kowace Lahadi zuwa cocinmu na ginin ƙasa. Takalmanta a hannu take riƙewa don kada su lalace, sai a bakin ƙofa ta saka. Ba wanda ya taɓa tafa mata.

Duk da haka na aika mata hotonmu. Nan take ta kira ni.

"Ɗana, hatsari kuka yi ne? Na ga dukkanku kuna dogara sanda."